Dogon Yaro, Katanga ko Ganuwa: Me Ya Kamata Gari Ya Nema Idan Ramin Haƙar Ma'adinai Ya Zo Maƙwabtaka?

Duk garin da kamfanin haƙar ma'adinai ya zo ya kafa sansani a gefensa, akwai ranar da za a zauna a ƙofar uban ƙasa a tambayi jama'a abin da suke so a yi musu. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ce ta wajabta wannan zama: kafin mai lasisin haƙa ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, kuma ana sake duba ta duk bayan shekara 5. A irin zaman nan za ka ji an ambaci rijiyar burtsatse, ajujuwa, ɗakin shan magani da ɗaukar matasa aiki. Maganar ƙarar injuna ba kasafai take samun mai tayar da ita ba. In ma an tayar, sai wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, a shuka mana itatuwa tsakaninmu da su," kowa ya gyaɗa kai, a wuce zuwa batu na gaba. Wakilin kamfani kuwa ya fi kowa farin ciki da wannan roƙo, don a cikin duk abin da za a iya nema babu wanda ya kai shi araha.

Mu nan Sakkwato ba mu da wani babban ramin kwal, amma maganar ba ta yi mana nisa ba. A Kalambaina, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, ana haƙar farar ƙasa a buɗaɗɗen rami tun da masana'antar siminti ta fara aiki a 1967, kuma yadda ake haƙar farar ƙasa haka ake haƙar kwal ɗin da ke kusa da doron ƙasa: katafila ta kwashe ƙasar sama, a huda dutse, a fasa, a loda wa manyan motoci, a kai injin niƙa. A Nijar akwai ramin kwal na Anu-Araren a jihar Agadas, wanda kamfanin SONICHAR ke haƙa yana ƙonawa a tashar wutarsa tun farkon shekarun 1980, kuma an daɗe ana maganar kwal ɗin Salkadamna a jihar Tawa, wadda ke iyaka da mu ta Illela da Ƙonni. A Gombe ga ramin kwal na Maiganga, a Kogi ga na Okaba. Ga kuma manyan janaretocin dizal da ke gurnani a bayan gidajen ƙanƙara, otal-otal da turakun sadarwa a cikin gari. Hanyoyin da ake bi a rage ƙarar duk waɗannan kusan iri ɗaya ne, sai dai ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wanda ya fi daɗin ji a wurin taro shi ne ya fi rauni.

Kafin a gwada su sai an san ma'aunin. Da desibel ake auna ƙara, kuma lissafinsa ba na ɗaya da ɗaya biyu ba ne. Inji biyu masu ƙara iri ɗaya in suka tashi tare, desibel 3 kawai suke ƙarawa a kan na guda. Goma in suka haɗu su ƙara 10. Shi kuwa kunne, sai an rage masa kusan 10 yake jin kamar an raba ƙarar biyu. Ragin 3 da ƙyar mutum zai lura da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 1999, ta ce don barci ya yi daɗi kada ƙarar cikin ɗaki ta wuce 30 da dare, ta waje kuma a bakin taga kada ta wuce 45, ajin makaranta 35. IFC, reshen Bankin Duniya mai bai wa kamfanoni bashi, ya ɗora wa masu karɓar kuɗinsa iyakar 55 da rana a unguwar zama, 45 daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe. Lambar nan ta 45 ita ce ya kamata gari ya riƙe.

A nan akwai abin da ya shafe mu fiye da waɗanda suka rubuta ƙa'idar. Tazarar 15 da ke tsakanin 45 na waje da 30 na ciki, bango da taga ne ake sa ran za su cinye ta. To daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wa ke kwana a ɗaki? Tsakar gida ake shimfiɗa tabarma, wasu a ƙofar gida, wasu a kan soro. Babu bango tsakanin kunnen mai barci da injin da ke aiki. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da shawarar tagogi masu gilashi ruɓi biyu, wadda ake yi wa gidajen da ke kusa da ramukan kwal a ƙasashen sanyi. Tagar tana aiki, amma sai a rufe, kuma ba ta da amfani ga wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta juya ta. In an kawo muku ita a takarda, ku karɓa don ɗakin shan magani in akwai sola, ku bar ta a nan.

Sai yanayin dare. Da rana ƙasa takan ɗauki zafi, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama ɗumi, sai sauti ya lanƙwasa ya yi sama. Da dare abin yakan juya, musamman daren hunturu da asubarsa: iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta, sautin ya riƙa lanƙwasowa ƙasa yana cin nisa. Shi ya sa kake jin kiran assalatu na ƙauyen da ba ka taɓa jin na azahar ɗinsa ba. Iska ma tana ɗaukar ƙara ta kai inda ta nufa. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma, don haka garin da ya sha wuya a Janairu mai yiwuwa ya huta a Agusta, maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya karɓa. Duk maganin da aka gwada shi da tsakar rana aka ce ya yi, ba a gwada shi ba tukuna.

To, itatuwa. Ba ni da abin faɗa a kan dogon yaro sai alheri. Shi ya rufa wa garuruwanmu asiri daga rana da rairayi, yana tare ƙura, kuma ƙurar rami da ta hanyar tifa ba ƙaramar cuta ba ce. Amma layi ɗaya ko biyu na dogon yaro ba ya rage ƙarar da ma'auni zai nuna. Masu binciken ƙarar manyan hanyoyi a Amurka sun nuna cewa sai an sami kurmi mai kauri, wanda ido ba ya ratsawa tun daga ƙasa har sama, mai faɗin kamar mita 30, sannan a sami ragin wajen desibel 5. Ka dubi dogon yaron da ke bakin titi: ganyen yana can sama, ƙasansa fili ne fetal, awaki sun cinye duk abin da bakinsu ya kai. Ta nan ƙasan sautin ke bi ya wuce. Ga shi sai an yi shekaru ana ban ruwa da gadi kafin ya zama wani abu, alhali shekarun farko na rami su ne suka fi ƙara, don a lokacin injuna suna kan doron ƙasa, ba su nutse ba. Abin da itace ke yi shi ne ya ɓoye wa ido injin, kuma gaskiya ne mutum ba ya jin haushin abin da ba ya gani kamar wanda yake gani. Sai dai wannan sauƙin na zuciya ne. Jaririn da ƙarar ta tayar ƙarfe biyu na dare bai san an shuka komai ba.

Katangar bulo ta fi itace nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: in ta tare maka ganin abin da ke ƙarar, za ta rage kamar desibel 5, kuma kowace mita ɗaya da aka ƙara mata a sama tana ƙara kamar ɗaya da rabi. Samun ragin 10 abu ne mai yiwuwa, 15 da wuya ƙwarai, 20 kuwa a cire rai. Gwajinta ba ya bukatar injiniya. Ka je inda kake shimfiɗa da dare ka tsaya, ka dubi wajen aikin. In kana hango bakin salansar motar, ko saman injin niƙa dutse, katangar ba ta yi maka komai ba, ko da ta rufe tayoyi da gangar jiki. Manyan motocin rami dogaye ne, katangar gida mai tsawon mita biyu ba ta kai kafaɗarsu ba.

Sannan dole ta zama mai nauyi, marar huda. Bulon yashi da siminti yana da ƙofofi ƙanana, sai an yi masa filasta. Shingen kwano bai da nauyin da zai tare amo mai kauri, wani lokaci ma shi kansa yakan ɗauki rawa. Ƙofar da aka bari a buɗe, ko ramin magudanar ruwa a gindin katanga, yana iya zubar da rabin aikin. Wurin da aka gina ta ma magana ce: ko dai ta matsa jikin injin, ko ta matsa jikin gidaje. Wadda aka dasa a tsakiyar fili, nesa da wannan nesa da wancan, ita ce mafi rashin amfani, kuma sau da yawa can ake gina ta saboda can iyakar filin kamfani ta faɗa. Don haka katanga ta dace da abin da ke zaune wuri guda, kamar janareta, taransifoma, famfon zuƙe ruwa da injin niƙa. Ramin da bakinsa ya kai kilomita, wanda kuma kullum yake matsawa gaba, ba aikin bulo ba ne.

Aikin ganuwa ne. Ina nufin tudun ƙasa dogo da ake tarawa tsakanin rami da gari, irin wanda kakanninmu suka kewaye birane da shi, sai dai wannan ƙara yake tarewa ba mahara ba. A tsawo ɗaya, ganuwar ƙasa takan ɗan fi katanga da desibel ɗaya zuwa uku, domin tana shanye sauti maimakon ta mayar da shi wani gefen. Babbar falalarta ita ce kayan gininta kyauta ne. Duk mai haƙar buɗaɗɗen rami dole ya kwashe ƙasar sama kafin ya kai ga kwal ko farar ƙasa, dole kuma ya sami inda zai zuba ta. Abin da gari zai nema kawai shi ne a zuba ta ta gefensa, a tsawon da ya dace, tun a watannin farko. Tun ran gini ran zane. In aka bari sai da aka tara ta a ɗaya gefen, sake kwaso ta kuɗi ne mai yawa, kuma a nan ne za a fara yi muku gobe jibi.

Ganuwa tana da nata cikas. Tana cin fili, domin tudu mai tsawon mita biyar yana bukatar gindi mai faɗin mita ashirin ko fiye in ana so ya tsaya. In ba a rufe ta da ciyawa ba, hunturu ya mayar da ita ƙura, damina ta zaizaye ta cikin gonaki. Jema da gamba suna riƙe irin wannan ƙasa, kuma a nan ne itatuwan da dattijo ya roƙa za su sami gurbinsu, a gindin ganuwar da kewayenta. A kuma duba hanyar ruwa da kyau, don tudun da ya datse kwararo zai juya ambaliya cikin gari. Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: tifar da ta hau saman tudu tana juye ƙasa ta fi wadda ke cikin rami damun mutane, saboda babu abin da ya tare ta. Ginin ganuwar kansa da rana za a yi shi. A daren da iska mai sanyi ta kwanta ƙasa kuwa, sauti yakan tsallake kan ganuwa ya sauko bayanta, ragin ya ragu. Ta fi katanga, ta fi itace, amma ba ita ce ta ɗaya a wurina ba.

Ta ɗaya ita ce a kashe ƙarar a jikin injin da ke yin ta. Ga lissafin da ya sa na ce haka. Ƙarar inji guda tana raguwa da desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka. A ɗauka inji yana ba da 85 a tazarar mita 10. A mita 20 zai zama 79, a 40 ya zama 73, a 80 ya zama 67, a haka a haka sai an kai kusan kilomita guda kafin ya sauko 45. Yanzu a rage wa injin nan 10 a jikinsa, ya koma 75. Zai sauko 45 a tazarar mita 300 da 'yan kai. Wato gyaran inji ɗaya ya yi aikin fili mai tsawon kusan mita 700, kuma ya yi shi ta gabas da yamma, kudu da arewa, da rana da dare, ko iska ta juya ko ba ta juya ba. Babu katangar da za ta yi wannan.

Gyaran kuwa ba wani sihiri ba ne. Salansa tana da daraja-daraja, daga mai rage kamar 15 zuwa mai rage sama da 30, kuma salansar da ta huje daidai take da babu. Ana shimfiɗa roba mai kauri a bayan motar ɗaukar dutse da cikin mazurarin injin niƙa, don rugugin dutse a kan ƙarfe ya mutu. Ana gina wa injin niƙa ɗaki, ko a saukar da shi cikin ramin. Ana maye gurbin jerin tifofi da doguwar bel mai jigila. Fitilun aikin dare da famfunan ruwa da ke cin dizal ana iya mayar da su kan sola da batir, kuma rana dai ba ta yi mana rowa ba. Sai ƙaramin abin nan da ya fi komai shiga rai da dare, wato ƙararrawar da mota ke yi in tana ja da baya, tit-tit-tit, mai tsini, wadda ake ji daga nesa ko da sauran ƙarar ta lafa. Akwai wata iri mai sautin shuu-shuu, wadda wanda ke bayan motar yake ji sarai amma ba ta cin nisa. Sauya ta abu ne na kuɗi kaɗan. A tashar wuta mai ƙona kwal, manyan fankoki, injin niƙa kwal da sakin tururi su ne masu ƙara, kuma kowanne akwai salansarsa. Taransifoma kuwa gunjinta mai kauri ne, yana ratsa shinge marar nauyi, don haka ita sai katanga mai kauri a jikinta. Ƙa'ida ɗaya ce a duk wannan: a fara da wanda ya fi kowa ƙara. In aka gyara ƙananan aka bar babban, ma'auni ba zai motsa ba.

Rufe inji a ɗaki yana da tarko a ƙasa mai zafi irin tamu. Na ga ɗakin janareta a bayan wani gidan ruwan leda, an gina shi da bulo mai kyau, an yi filasta, an sa ƙofar ƙarfe. Amma ba a bar wa iska hanyar shiga da fita ba, sai injin ya riƙa ɗaukar zafi yana mutuwa. Maganin da mai gadi ya samo shi ne ya buɗe ƙofar ya tokare ta da dutse. Ƙofar kuwa tana kallon gidajen maƙwabta, sai ɗakin ya tattara ƙarar duka ya tura musu ta nan. Ɗakin inji na gaskiya yana da mashigar iska da mafitarta masu lanƙwasa, an lulluɓe cikinsu da abin shanye sauti wanda ba ya cin wuta, ba soson katifa ba. Injin yana zaune a kan roba don kada ya girgiza daɓe, bututun hayaƙi ya fita waje ya kalli sama. Hayaƙin janareta a rufaffen wuri yana kisa, wannan ba abin wasa ba ne.

Kafaɗa da kafaɗa da gyaran inji akwai tsarin lokaci, wanda ba ya cin siminti ko buhu ɗaya. A kwarin Hunter na ƙasar Ostireliya, inda manyan ramukan kwal ke maƙwabtaka da garuruwa da gonaki, ana kafa na'urorin auna ƙara kusa da gidaje suna aika rahoto kai tsaye, kuma in dare ya yi ƙarar ta doshi iyaka sai a saukar da motoci zuwa ƙasan rami ko a tsayar da wasu. Ko ba a kai ga irin na'urorinsu ba, ana iya rubuta cewa ba za a juye ƙasa a saman tudu ba bayan sallar isha'i, injin niƙa zai tsaya daga ƙarfe 10 zuwa asuba, tifa ba za ta ratsa gari da dare ba. Raunin wannan hanya shi ne alƙawari ce, ba gini ba. Ganuwa in an tara ta tana nan ko manaja ya sauya. Jadawalin aiki kuwa ranar da oda ta yi yawa shi ake fara takewa. Saboda haka kada a karɓe shi da fatar baki.

Nakiya ita daban take, kuma ya kamata a ware mata sakin layinta a yarjejeniya. Ba itace, ba katanga, ba ganuwa da ke tare ta, domin ta hanya biyu take zuwa: bugun iska mai kaɗa kwano da tagogi, da girgizar ƙasa mai bi ta ƙarƙashi. Maganinta yana hannun mai fasawa. A rage yawan nakiyar da ke tashi a lokaci guda ta hanyar jera ramukan su tashi ɗaya bayan ɗaya da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, a cike bakin kowane rami da tsakuwa sosai, a guji fasawa da sassafe ko lokacin da hadari ya rufe sama. A Ostireliya ƙa'idar da aka saba bi ita ce bugun iska kada ya wuce 115 a ma'aunin nakiya, wanda ya bambanta da na ƙarar inji, girgizar ƙasa kuma kada ta wuce milimita 5 a daƙiƙa a gidan da ya fi kusa, sai a 'yan lokuta ƙalilan. A Indiya ramukan kwal da na farar ƙasa da dama suna amfani da injin da ke kankare dutsen yana niƙawa ba tare da nakiya ba, in dutsen bai cika tauri ba, kuma ba laifi a tambayi kamfani ko ya duba wannan. Mafi ƙaranci dai a tsayar da sa'a ɗaya sananniya, ba lokacin salla ba, ba lokacin da yara ke aji ba, a busa jiniya kafin a tayar. Kuma kafin fashewar farko a zagaya gida gida a ɗauki hoton bango, na laka da na bulo. In ba a yi haka ba, ranar da tsaga ta bayyana za a ce muku dama can tana nan.

Hanyar tifa ma tana da nata hali. Jerin motoci a kan hanya ba kamar inji guda ba ne, ƙararsu desibel 3 kawai take raguwa in tazara ta ninka, don haka nisa ba ya taimako sosai. Hanyar da ta kewaye gari ta fi komai. In ba ta samu ba, a gyara ramukan titi a rage gudu, don tifa marar kaya in ta faɗa rami ta fi mai kaya kwaramniya. Tudun rage gudu a ƙofar gidaje yakan ƙara ƙarar ne, saboda birki da sake taka totur.

Saura tashi da diyya. A Jamus an tayar da ƙauyuka sukutum saboda ramin kwal na Garzweiler: an rushe cocin Immerath a 2018, an kwashe Lützerath a 2023. A Maiganga ma an sauya wa mutane matsuguni. Waɗannan ramin ne zai ci ƙasarsu, ba ƙara kaɗai ta kore su ba, amma akwai kusancin da in an kai shi babu dabarar da za ta sa zama ya yiwu. In gidaje suna 'yan mitoci ɗari kaɗan daga inda za a riƙa tayar da nakiya, duk jerin da na yi a sama ya rushe, magana ta koma ta tashi, kuma gara a yi ta tun kafin katafila ta iso. Sai dai a shiga da ido buɗe. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta fi ba da ƙarfi ga biyan abin da aka gina ko aka shuka a kan fili, ba filin kansa ba. Ana iya gina wa mutum sabon ɗaki, amma fadamar bakin gulbin Rima da yake noman albasa da shinkafa, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da maƙabartar iyayensa, ba sa bin sa a mota. Kuɗin hannu a madadin gyara kuwa shi ne mafi munin ciniki, don kuɗin zai ƙare ƙarar tana nan, ga sa hannunku a takarda.

Matasan garin da za a ɗauka aiki su ne za su fi kowa kusa da injin. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka tsayar ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Abin toshe kunne da gwajin ji duk shekara su shiga cikin takardar ɗaukar aikin.

Duk wanda aka zaɓa cikin waɗannan, sai da awo yake zama hujja. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ƙara na 2009 da na fasa dutse da nakiya na 2013, kuma dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton babban aiki jama'a su duba kafin a amince da shi. Gari ya nemi a auna ƙarar wurin kafin a fara aiki, da dare da rana, a hunturu da damina, domin in babu adadin farko ba yadda za a nuna abin da aka ƙara. A rubuta lambar da ba za a wuce ba, a rubuta wurin da za a kafa ma'aunin, wato gidan da ya fi kusa da aikin ba ƙofar kamfani ba, a rubuta wanda zai auna da abin da zai biyo baya in an wuce. Manhajar auna ƙara ta wayar hannu ba ta da ingancin da hukuma za ta dogara da shi, amma malamin makaranta ɗaya da zai riƙa rubuta rana, sa'a, adadi da inda iska ta fito a littafi, zai ba wa jami'in da ya zo da na'urar gaske dalilin zuwa ƙarfe biyu na dare maimakon sha biyun rana. Kofen kowane sakamako ya je hannun uban ƙasa da kwamitin gari, ba ofishin kamfani kaɗai ba.